Ranar Da Kakanninmu Suka Kori Sojan Musolini: Sharhi Kan Littafin The First Victory

Jama'a, a matsa mini wuri in yi yabo, don yau na samu abin yabo. Littafin tarihi ne mai suna The First Victory, wato Nasarar Farko, wanda masanin tarihin yaƙi Andrew Stewart ya rubuta, maɗaba'ar Jami'ar Yale ta buga a 2016. Kai, littafi ya yi littafi! Duk wanda ya san ni ya san ba na raina littafin yaƙi, amma wannan daban yake, don kuwa labarin gidanmu ne aka bayar a cikinsa. Labari ne na yadda aka rushe daular Italiya a gabashin Afirka cikin 1940 da 1941, kuma a cikin waɗanda suka rushe ta har da samarin Arewacin Nijeriya, 'ya'yan manoma irinmu.

A ƙasarmu ta Kafur da Malumfashi da Funtuwa, in aka ce Yaƙin Hitila, Bama kawai ake tunawa. Duk tsohon sojan da muka taso muka gani da kakinsa da lambobi a ƙirji, ɗan Bama muke ce masa. To kafin Bama akwai Habasha. Kafin dajin Bama da Japanawa, akwai sahara da duwatsun Somaliya da Italiyawa. Wannan shi ne babin da aka manta, a can Ingila da nan gida, kuma shi Stewart ya kakkaɓe wa ƙura. Tun daga sunan littafin ya faɗi matsayinsa: wannan ce babbar nasara ta farko da Birtaniya da ƙawayenta suka kammala a Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da kusan ko'ina kashi suke sha.

Abin da ya fi riƙe ni, har na kasa ajiye littafin, tambaya ce guda da take bin mai karatu daga shafi zuwa shafi: yaya aka yi mai sojoji kusan 300,000 ya sha kaye a hannun wanda bai kai shi yawa ba? Me Italiya za ta yi daban da labari ya sauya? Littafin tarihin abin da ya faru ne, ba na "da a ce" ba, amma ya shimfiɗa komai a fili, ta yadda mai karatu da kansa zai riƙa nuna wuraren da aka yi ɓatan kai. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda na gan su.

Yadda fagen yake a 1940

Ran 10 ga Yuni 1940 shugaban Italiya Musolini ya shelanta yaƙi a kan Ingila da Faransa. Ya ga Jamus ta riga ta durƙusar da Faransa, yana tsoron kada a raba ganima babu shi. A lokacin Italiya na riƙe da Libiya, da Eritriya, da kudancin Somaliya, da kuma Habasha wadda ta mamaye a 1935 zuwa 1936. Wakilin sarkin Italiya a Adis Ababa shi ne Yarima Amedeo, wanda aka fi sani da Aosta. A ƙarƙashinsa akwai Italiyawa kimanin 90,000 da askarawan Afirka kimanin 200,000, ga jiragen sama fiye da 300.

Su kuwa Ingilishi, abin da suke da shi a Sudan bataliya uku ce ta Turawa da rundunar 'yan ƙasa mai mutum kimanin 4,500, su ne za su tsare iyaka mai tsawon mil 1,200. A Kenya 'yan bataliyoyi ne ƙalilan. A Somaliyar Ingilishi kuwa 'yan ɗaruruwa ne na rundunar raƙuma. In lissafin kai ake yi, an gama magana.

Sai dai Aosta a cikin kwalba yake. Mashigin Suwez na hannun Ingilishi, Adan ma na hannunsu, wato an toshe Bahar Maliya sama da ƙasa. Duk litar man da ya ƙona, duk tayar motar da ta fashe, babu mai mayar masa da ita. Har ta kai sai an kwance ƙaramin jirgin yaƙi, a cusa shi cikin babban jirgin ɗaukar kaya, a tsallako da shi daga Libiya ta saman Sudan. Kullum rana ta faɗi ƙarfin Aosta raguwa yake yi, na abokan gabarsa kuwa ƙaruwa. Wanda yake cikin wannan hali, in zai yi duka, to ya yi da wuri, kuma ya daki wurin da zai yi zafi.

Kuskure na farko: Barbara maimakon Hartum

Ran 4 ga Yuli 1940 Italiyawa suka ƙwace Kasala, garin nan na gabashin Sudan da har yau Hausawa suke da yawa a cikinsa, suka haɗa da Gallabat, daga baya cikin watan suka kuma karɓe Moyale a iyakar Kenya. Daga nan sai suka ja birki. Ran 3 ga Agusta Janar Nasi ya juya da babbar runduna zuwa Somaliyar Ingilishi. An gwabza a Tug Argan, Ingilishi suka kwashe mutanensu ta ruwa, ran 19 ga wata Italiyawa suka shiga Barbara, tashar jiragen ruwan ƙasar. Yadda Stewart ya ba da labarin wannan ja da baya, da fushin Firayim Minista Cocil, da yadda Janar Wavell, babban kwamandan Ingilishi a yankin, ya tsaya wa mutanensa, wallahi sai ka ji kamar kana ɗakin da ake musayar saƙonnin.

A Rum an buga ganguna, an ce an ci ƙasar Ingilishi. To amma me aka ci? Busasshiyar ƙasa wadda ba ta ƙara musu komai ba sai ƙarin bakin teku da za su tsare, bayan sun ƙona mai sun cinye tayoyi. Wurin da yake da zafi Sudan ne: tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan, da mahaɗar layin dogo ta Atbara, da Hartum. Sai cikin Satumba Runduna ta 5 ta Indiyawa ta iso Sudan. Wato daga Yuni zuwa Satumba ƙofa a buɗe take.

A nan ne zancen ya taɓo mu kai tsaye. Tun daga Satumba 1940 Ingilishi suka buɗe wata hanyar sama don kai jirage Masar, tunda Bahar Rum ta zama haɗari. Ana sauke jirage a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fallomi, wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Darfur zuwa Hartum, sannan su bi Nilu har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Da Hartum ta faɗa hannun Italiya, da jirgin da ya tashi daga Kano ba shi da masauki a gaba. Ka ji abin da Aosta ya bari ya tafi neman Barbara.

Don a yi masa adalci, akwai uzuri. Umarnin farko da ya samu daga Rum na tsaron gida ne, kuma ya nemi ƙarin jirage da mai da tayoyi bai samu yadda yake so ba. Ga shi kuma damina ce. Ƙasar gabashin Sudan baƙar laka ce, irin ta noman auduga. Duk wanda ya taɓa fito da motar masara daga ƙauyukan Kafur a watan Agusta ya san aikin laka: taya na juyawa a wuri guda, yaran mota sun tuɓe riguna suna cusa itace da duwatsu a ƙarƙashi, direba na ba ta wuta hayaƙi na tashi, mota kuwa sai ƙara nutsewa take yi. Ka ɗauki wannan ka ninka da ɗaruruwan motoci a tafiyar mil 250. Duk da haka, a ganina, caca ɗaya ke nan da ta cancanci a zuba mata man da ake da shi.

Shigowar namu

Cikin tsakiyar 1940 aka kwashi bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Rundunar Nijeriya a jiragen ruwa zuwa Kenya, tare da takwarorinsu na Gana. Su ne suka zama Birged ta 23, a ƙarƙashin Birgediya Smallwood. Yawancin sojan Nijeriya na lokacin daga Arewa aka ɗebo su, kuma Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Ka hango su: gajeren wando na kaki, malafa mai naɗaɗɗen gefe, bindiga a kafaɗa, adda a ƙugu. Labarinsu kuwa yana isowa gida ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta.

A Nuwamba 1940 Janar Alan Cunningham ya karɓi jagorancin rundunar Kenya, wadda ta haɗa 'yan Afirka ta Kudu, da 'yan gabashin Afirka, da 'yan Gana, da 'yan Nijeriya. Niyyarsa ta farko ƙarama ce, ya kama tashar Kismayo kafin ruwa ya sauko. Ran 14 ga Fabrairu 1941 ya kama ta. Abin da ya biyo baya kuwa, shi kansa bai zata ba.

Kuskure na biyu: tsare kogi maimakon dutse

Janar De Simone na Italiya ya jera sojojinsa a bakin kogin Juba, da nufin ya hana kowa tsallakewa. Amma rani ne, ruwa ya ja baya, kogin ga tsawo, ana iya ratsa shi a wurare da yawa. 'Yan Afirka ta Kudu suka tsallaka a Yonte, 'yan Gana a Mabungo, suka zagaye Jelib, layin ya watse ran 22 ga Fabrairu. Sojan da aka tanada don doguwar gwagwarmaya sai ga shi ya narke a fili cikin 'yan kwanaki.

Ka gwada wannan da abin da ya faru a Keren, can arewa cikin Eritriya, a daidai waɗannan makonni. Babin Keren, jama'a, shi ne ƙololuwar littafin nan. Janar Carnimeo na Italiya ya hau da mutanensa kan tsaunuka, suka fasa dutse suka toshe hanya ɗaya tilo da ta ratsa kwazazzabon. Rundunoni biyu na Indiyawa, ta 4 da ta 5, a ƙarƙashin Janar Platt na Ingilishi, suka yi kusan wata biyu suna hawa ana tunkuɗo su. Ruwan sha ma sai an ɗauka a ka ko a bayan alfadari a hau da shi. Italiyawa da askarawan Eritriya sun yi faɗa na mazaje, har Janar Lorenzini ya mutu a fagen. Sai ran 27 ga Maris aka fasa su.

Duk mai cewa sojan Italiya matsoraci ne, ya je ya karanta Keren. Ya karanta labarin Amedeo Guillet, hafsan da ya jagoranci mahaya dawakai suka auka wa igwogi da tankokin Ingilishi a Janairu 1941 don 'yan'uwansu su samu janyewa. Matsalar tana sama, wurin masu zaɓen inda za a tsaya. Da tun farko an bar filin Somaliya, an tattara ƙarfi da igwogi a mashigan duwatsun Habasha, da an samu Keren uku ko huɗu. Damina kuwa na tafe, kuma Wavell na matse da buƙatar sojojinsa a Masar da Girka. Abin da Aosta yake buƙata jan lokaci ne kawai, shi ne kuma bai samu ba.

Kuskure na uku: man Magadishu

Da layin Juba ya karye, sai Cunningham ya saki 'yan Nijeriya. Cikin kwana uku suka ci fiye da mil 200, ran 25 ga Fabrairu suka shiga Magadishu. A nan ne aka yi abin da har yanzu in na tuna sai na girgiza kai. Italiyawa sun fice sun bar galan 350,000 na fetur da galan 80,000 na man jirgin sama, ba su cinna musu wuta ba. Fetur ɗin kaɗai ya haura lita miliyan ɗaya da rabi, wato kusan tankar mai hamsin irin waɗanda muke gani a kan titi. Rundunar da take kukan rashin mai, ita ce ta bar wa abokin gaba wannan tulin. Tirƙashi!

Da wannan mai ne kakanninmu suka yi gudun da ya shiga tarihi. Sun tashi daga Magadishu ran 1 ga Maris, suka hau titin da Italiyawa da kansu suka shimfiɗa ta cikin Ogaden, ran 17 ga Maris suna Jijiga. Mil 744 cikin kwana 17, kusan kilomita 1,200, ya fi nisan Funtuwa zuwa Legas, a cikin ƙura da zafi da ƙarancin ruwa. Ana cikin haka wata runduna daga Adan ta sake ƙwace Barbara ran 16 ga Maris, hanyar kawo kaya ta gajarce. Ka ga Barbarar da aka ƙona mai dominta, wata bakwai kacal ta yi a hannu.

Bayan Jijiga sai mashigin Marda, wurin da ya dace a ce an yi wata Keren ɗin. Ran 21 ga Maris 'yan Nijeriya suka tasam ma tsaunukan, suka ƙwace ɗaya kafin duhu, gari na wayewa aka tarar Italiyawa sun janye. Suka bi su ta Babile da kogin Bisidimo, kafin ƙarshen wata suka shiga Harar. Ina karantawa ina jin tsigar jikina na tashi. Harar tsohon birnin Musulunci ne, mai ganuwa da ƙofofi da masallatai birjik. Bakatsinen da ya shiga da bindiga a kafaɗa ya ji kiran salla, ai ba zai ji baƙunta ba. Kuma ƙasar da ya zo 'yantarwa ita ce Habashar Najjashi, wadda ta ba sahabbai mafaka a hijira ta farko.

Ran 6 ga Afrilu aka shiga Adis Ababa, bayan tafiyar mil 1,700 cikin ƙasa da wata biyu. Ran 8 ga wata tashar Masawa ta faɗi, cikin wannan watan kuma Shugaba Rusabel na Amurka ya ba jiragen ƙasarsa izinin shiga Bahar Maliya da kaya zuwa Suwez. Ashana ɗaya a Magadishu, da duk wannan ya jinkirta.

Kuskure na huɗu: zaluncin da ya ci mai shi

Akwai abin da ya riga duk waɗannan, wanda babu dabarar janar da za ta gyara. Italiya ta ci Habasha da iskar guba. Ran 19 ga Fabrairu 1937 aka jefa wa Giraziyani, wakilin sarkin Italiya na lokacin, gurneti a Adis Ababa. Giraziyanin nan dai da masu kallon fim ɗin Umar Mukhtar suka san halinsa, wanda a zamaninsa aka rataye dattijon a Libiya a 1931. Ramuwar da aka yi ita ce kashe dubban mutanen birnin cikin kwana uku, daga baya aka bi limaman Kirista na Debre Libanos aka karkashe. Ko da aka kawo Aosta mai sassauci a ƙarshen 1937, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Saboda haka wancan adadi na kusan 300,000 yaudara ce. Kaso mai yawa na sojojin suna warwatse a ƙananan sansanoni suna gadin 'yan tawaye a Gojjam da Shawa. Da Sarki Haile Selasi ya tsallako daga Sudan a Janairu 1941, tare da 'yar ƙaramar rundunar hafsan Ingilishi Wingate, sai ƙasa ta ɗauka. Askarawan da aka ɗauka haya kuwa, da suka ga alamar faɗuwa, sai suka riƙa sulalewa gida da bindigoginsu. Ran 5 ga Mayu 1941 Sarkin ya shiga Adis Ababa, shekara biyar cif daga ranar da Italiyawa suka shige ta. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Wani abin kuma da ya ƙara musu rauni, Ingilishi sun fasa sirrin saƙonninsu. Abin da Aosta ya aika Rum, da abin da aka amsa masa, kwamandojin Ingilishi na karantawa. Kana shirya kwanton ɓauna, wanda za ka yi wa yana karanta takardar shirin.

Kuskuren da aka yi a Rum

In ka ɗaga kai daga Habasha ka dubi Rum, sai ka ga tushen ciwon. A Mayu 1939 Musolini da kansa ya sanar da Hitila cewa Italiya ba za ta shirya yaƙi ba sai wajen 1943. Amma ya shiga a 1940, cikin gaggawar da ta sa jiragen kasuwancin ƙasarsa fiye da 200, kusan kashi ɗaya cikin uku, suka maƙale a tashoshin waje aka rasa su tun ranar farko. Tsibirin Malta, wanda yake tsakiyar hanyarsa ta zuwa Libiya, kusan babu tsaro a lokacin, bai taɓa sauke soja a kansa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ga tauna taura biyu, kai, har huɗu. A Satumba 1940 Giraziyani, wanda a lokacin yake jagorancin sojan Italiya a Libiya, ya shiga Masar da sojan ƙasa, ya ci mil 60 ya tsaya a Sidi Barrani yana kukan rashin motoci. Jamus ta yi tayin taimakon tankoki, girman kai ya sa aka ƙi. Aka kwashi jiragen sama aka kai Beljiyam don a ce Italiya ma ta yi wa Ingila ruwan bama-bamai. Abin da zai fi ba manomi mamaki shi ne na watan Oktoba: an sallami sojoji kimanin 600,000 su koma gida saboda aikin gona, sannan ran 28 ga wannan watan aka auka wa Girka, a bakin hunturu, ta cikin duwatsu. Girkawa suka koro su har cikin Albaniya, motoci da makaman da Libiya take jira duk suka tafi can.

Ran 9 ga Disamba Janar O'Connor na Ingilishi ya faɗa wa Giraziyani da mutum kimanin 36,000, cikin wata biyu ya kama fursunoni kimanin 130,000. Ga inda zaren ya haɗu da labarinmu: nasarar Sidi Barrani ce ta ba Wavell sukunin cire Runduna ta 4 ta Indiyawa ya tura ta Sudan, ita ce kuma ta je ta hau Keren. Wato motar da aka hana Giraziyani saboda Girka, ita ta jawo wa Aosta wuta a Eritriya. Da an bar Girka, an zuba komai a kan Masar da Malta, da Wavell ba shi da sojan da zai ba kowa aro.

In kuwa aka ce in faɗi dabara ɗaya da ta fi duka, to ita ce zama a gida. Faranko na Sifen ya ƙi shiga yaƙin duk da zawarcin Hitila, ya mulki ƙasarsa har ya mutu a kan gadonsa a 1975. Musolini kuwa an tuɓe shi ran 25 ga Yuli 1943, an harbe shi a Afrilu 1945. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da yake sauka.

Ƙarshen wasa

Aosta ya tattara ragowar mutanensa ya hau dutsen Amba Alagi. Ruwan sha ya ɓaci, raunatattu suka yi yawa, a Mayu 1941 ya miƙa wuya, Ingilishi suka yi masa faretin girmamawa. Ya rasu yana fursuna a Nairobi a Maris 1942. 'Yan Nijeriya suka ci gaba da aiki a kudancin Habasha cikin ruwa da taɓo, har suka tsallake kogin Omo. Janar Nasi ya riƙe Gondar har 27 ga Nuwamba 1941, nan aka rufe babin. Daga baya wannan birged ɗin tamu ta shiga Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta tafi Bama. Wato wasu daga cikin 'yan Baman namu, 'yan Habasha ne tun kafin nan.

Kada wani ya ɗauka ina yi wa Italiya takaici. Alhamdu lillahi da suka yi waɗannan kurakurai, don mulkin da aka kafa da iskar guba bai cancanci ko kwana ɗaya ba. Kuma kuskuren abokin gaba ba ya zama nasara sai an samu mazajen da za su yi amfani da shi. Man na nan a Magadishu, amma sai da aka samu masu juriyar shiga mota su ratsa Ogaden, su sauka su hau Marda da ƙafa.

Abin da ya sa nake yi wa littafin nan kirari shi ne iya tsara labari. Yaƙi ne mai fage uku ko huɗu a lokaci guda, ga sunayen garuruwa baƙi, ga rundunoni daga Indiya da Sudan da Kenya da Gana da Nijeriya da Afirka ta Kudu, amma Stewart ya riƙe hannun mai karatu bai bari ya ɓace ba. Ba ya ƙasƙantar da wanda aka ci, ba ya kuma kumbura wanda ya ci. Ƙorafina ɗaya, na masoyi: daga ɓangaren Birtaniya aka kalli yaƙin, don haka muryar janar-janar ta fi ta kurtu da kofur fitowa. Na so in ji bakin Bahaushen da ya shiga Harar. Amma wannan giɓin namu ne mu cike, ba na marubucin ba.

Don haka ga kirana. Malaman tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a taimaka a nemi izini a mayar da littafin nan Hausa, yadda ɗalibin sakandare a Kafur ko Mahuta ko Gozaki zai karanta da harshensa. Ku kuma 'yan'uwa da kakanninku suka yi soja, ku buɗe tsofaffin adakoki, ku nemo lambobi da takardun sallama, ku zauna da dattawan gida ku rubuta abin da suka ji daga bakin iyayensu tun suna raye. Wanda duk yake iya karanta Turanci kuwa, ya nemi The First Victory, ya karanta, ya ba na kusa da shi. In maki goma ake bayarwa, ni goma na ba shi.